Sanƙarau a Dungas: Likita da Mai Ƙidaya, Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Kowa ya sani a ƙasar Magarya da Dungas, da zarar an gama kaka, iskar hunturu ta busar da maƙoshi, ƙura ta turnuƙe hanyoyi, to hankalin iyaye ba ya kwanciya sai ruwan farko ya sauka, domin tsakanin nan ne cutar sanƙarau ke yin ɓarnarta. Daga ranar 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta sami rahoton mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Dungas kaɗai ta ɗauki 342, fiye da rabi ke nan, sa'an nan Matamaye da Mirya da Magarya suka biyo baya. Cutar kuwa ba ta tsaya a bakin iyaka ta nuna takarda ba, har cikin jahar Jigawa ta Nijeriya an sha fama da ita, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san yadda mutanenmu ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis.

Abin da za mu duba a wannan mako shi ne: sa'ad da aka kai yaro gidan likita, wuyansa ya sanƙare, jikinsa kamar wuta, majo ya ɗauko allura ya yi masa, wane ne ya tabbatar da cewa wannan allurar tana magani? Mutum biyu ne suka tabbatar, kuma sai da suka yi aiki tare. Ɗaya shi ne likita mai bincike, wanda ke tsaye a bakin gadon majinyaci. Ɗayan kuwa masanin ƙididdiga ne, mai ƙidaya, wanda mai yiwuwa bai taɓa riƙe sirinji ba.

Wani zai ce, ai gani ya kori ji, likitan da ya ba mutum goma magani suka tashi, me yake bukata da mai lissafi? Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amsar. Wanda ya buɗe bakin buhun gero ya ga tsaba mai kyau a sama, ya biya kuɗi ba tare da ya zura hannu ƙasa ba, in ya tarar da ƙaiƙayi da yashi kada ya kuka da kowa. Haka idon likita yake. Waɗansu majinyata za su warke ko ba a ba su kome ba. Waɗansu an kawo su a makare, babu maganin da zai cece su. Likitan da ya ƙwallafa rai a kan sabon magani kuma, ba tare da ya yi nufin ha'inci ba, hannunsa zai riƙa kai wa ga waɗanda suka fi alamar rayuwa. Saboda haka sai an sami rukuni biyu da suka yi kama da juna ta kowace fuska, a ba wannan sabon magani, a ba wancan wanda aka saba, a auna su da tiya ɗaya.

A Ingila aka kafa wannan hanya sosai, a shekarar 1948, lokacin da aka buga sakamakon gwajin sitiraftomaisin, maganin tarin fuka. Likitoci irin su Geoffrey Marshall da Philip D'Arcy Hart suka haɗa kai da wani masanin ƙididdiga, Austin Bradford Hill. Shi ya tsara a raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, aka rufe rabon kowa cikin ambulan, yadda likita ba zai san inda mutum zai faɗa ba kafin ya shigar da shi gwajin. Cikin wata 6, mutum 4 suka rasu daga 55 da aka ba maganin, alhali 14 suka rasu daga 52 da aka bari a kan hutun gado kawai, wanda shi ne abin da ake da shi a zamanin. Tun daga nan duniya ta gane cewa ƙuri'a, wadda ba ta da ɗan uwa ba ta da suruki, ita ce mafi adalci wajen rabo.

Yadda suke raba aikin kuwa shi ne: likita ya kawo tambayar da ta dami majinyata, ya faɗi wa za a shigar, ya bayyana abin da za a kira warkewa da abin da za a kira kāsawa, ya kuma sa ido a kan illar magani. Mai ƙidaya ya ce mutum nawa ake bukata kafin a iya bambanta aikin magani da sa'a, ya shirya ƙuri'a, ya rubuta yadda za a yi lissafi tun kafin a ga sakamako, don kada a zo ƙarshe a zaɓi lambar da ta yi wa zuciya daɗi. Tun ran gini ran zane. Wanda ya gama gwaji sa'an nan ya nemo mai ƙidaya, kamar fatake ne da suka kira akawu bayan sun watsar da takardun ciniki.

Kada a zaci wannan labarin Turai ne kawai. A nan Nijar, shekaru da dama maganin sanƙarau a lokacin annoba shi ne allurar kuloramfenikol da ake haɗawa da mai, mai arha, wadda sau ɗaya ko biyu ake yi. Da samunta ya fara wuya, sai aka shiga neman madadi. A watannin Maris da Afrilu 2003, cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa, tare da ma'aikatan lafiya na ƙasarmu, suka gwada ta da seftiriyazon a gidajen likita 9, a kan majinyata 510. Tambayar a nan tana da sarƙaƙiya, domin ba a neman a nuna sabon ya fi tsohon, so ake a nuna bai kāsa shi ba. Dole likitoci da masu ƙidaya su zauna tun farko su yanke iyakar ragin da za a iya yafewa. Ba lissafi ne zai faɗi wannan iyaka ba, sai wanda ya san abin da rai ɗaya yake nufi ga iyali, amma lissafi ne zai ce ko an tsallake ta. Bayan awa 72, waɗanda magani bai yi wa aiki ba kashi 9 cikin 100 ne a kowane rukuni. Aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2005, kuma daga nan seftiriyazon ya sami gurbinsa. Daga baya OMS ta ba da shawarar a riƙa yin sa na kwana 5 a lokacin annoba, maimakon allura guda.

Misali na biyu ya fi kusa da halin da Dungas ta shiga. A watannin Afrilu da Mayu 2017 sanƙarau ya ɓarke a Madarunfa ta jahar Maraɗi. Masu bincike sun riga sun rubuta tsarinsu, sun sami izinin hukuma, suna jira, domin annoba ba ta ba mutum lokacin shiri. Tambayarsu ita ce: in cutar ta shiga gari, ƙwaya ɗaya ta sifuro, watau sifurofuloksasin, za ta kare waɗanda ba su kamu ba? Aka jefa wa garuruwa 49 ƙuri'a, masu mutum fiye da 71,000, aka kasa su uku. A kashi na farko aka bi abin da aka saba. A na biyu aka ba mutanen gidan majinyaci kaɗai. A na uku aka ba gari duka. Da aka ƙidaya, a cikin kowane mutum 100,000, an sami 451 da suka kamu a kashi na farko, 386 a na biyu, 190 a na uku. Bayan gyaran lissafi, rabon gari duka ya rage cutar da kimanin kashi 60 cikin 100, amma na gida kaɗai bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba.

A nan ne za a ga amfanin kowane ɗayansu. Mai kallo da ido zai ce ai 386 bai kai 451 ba, saboda haka maganin gida ma ya yi aiki. Mai ƙidaya zai ce a yi hattara, gari aka jefa wa ƙuri'a, ba mutum ba, kuma mutanen gari ɗaya rijiya ɗaya suke sha, iska ɗaya suke shaƙa, don haka shaidu 49 gare mu, ba 71,000 ba, irin wannan ɗan bambanci kuwa sa'a ma tana iya kawo shi. Likitan da ya san ƙasar shi kuma zai tunasar da shi cewa sanƙarau yana lafawa da kansa idan damina ta faɗi, saboda haka garin da aka ba ƙwaya ana gobe ruwa zai sauka, a yi hankali kada a yaba wa ƙwaya aikin hadari. Likita ne kuma zai tambayi abin da ba ya cikin jadawalin farko: in an saba raba sifuro gari-gari, ƙwayoyin cuta ba za su saba da shi su daina jin sa ba? Wannan kira ne ga masu sayar da magani a tebur da cikin kasuwa. Abin da aka gwada a Madarunfa ƙwaya ɗaya ce, a lokacin annoba, a hannun ma'aikatan lafiya, kuma bai ba kowa izinin ya riƙa sayar da sifuro kamar gyaɗa ba.

Dole kuma a faɗi inda aka yi abin ba bisa hanya ba, domin shi ne ya sa mutanenmu da yawa suke ɗari-ɗari. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su seftiriyazon ƙasa da ma'aunin da aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfani ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jahar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Ko ta fuskar lissafi, 5 da 6 cikin yara 200 ba su isa a yanke hukunci mai ƙarfi ba, balle kuma an taɓa ma'aunin da ake kwatantawa da shi. Ɓarnar da ta fi girma ita ce ta amana, domin labarin Trovan yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su sa'ad da aka ƙi rigakafin shan inna a Arewacin Nijeriya a 2003, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka biya bashin.

Duk da haka, ƙin gwaji gaba ɗaya ba mafita ba ce. Rigakafin MenAfriVac da aka soma yi a Nijar a 2010 ya kusan kawar da sanƙarau nau'in A, sai nau'in C ya taso, shi ne ya kama mutum kimanin 8,500 a ƙasar nan a 2015, shi ne kuma ya addabi Dungas a 2022 da 2023. Sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i biyar, wadda Nijeriya ta fara yi wa jama'a a Maris 2024, sai da aka gwada ta a kan mutum 1,800 masu shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya. Iyayen can ne suka ba da hannun ƴaƴansu, kowa kuma yake cin moriya.

To, mene ne namu a ciki? Ma'aikatan lafiya su sani, rajistar da suke cikawa kowane mako ita ce tushen duk wannan lissafi. Bisa ƙa'idar OMS, idan aka sami mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya, an shiga annoba ke nan. Majon da ya bar layi ɗaya babu rubutu, ko ya jinkirta aika rahoto, yana iya jinkirta wa gunduma guda allurar rigakafi. Masu gari da malamai da shugabannin ƴan kasuwa kuma, idan masu bincike suka sauka, a tarbe su da mutunci, sa'an nan a yi musu tambaya huɗu. Ina takardar izini daga kwamitin ƙasa da ke duba halaccin binciken lafiya a Yamai? Da wane magani za ku kwatanta naku, kuma cikakken ma'auni za ku ba da? Wane ne mai ƙidayarku, akwai kuma waɗansu daban, waɗanda ba su da riba a ciki, masu ikon tsayar da aikin in an ga illa? In kun gama, za ku komo ku gaya mana sakamako da Hausa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba? Kowane uba da kowace uwa suna da ikon su ce a'a, ko su janye ɗansu a tsakiya, ba tare da an hana shi magani ba. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Hukumomin ilmi su ma da nasu. Muna tura ƴaƴanmu karatun likita, abin ya yi kyau, amma a tura waɗansu karatun ƙididdiga, don a sami ɗan Dungas ko ƴar Magarya da za su zauna a teburin da ake yanke mutum nawa za a gwada da abin da za a auna, su yi magana da sanin ƙasarsu.

Allah ya kiyaye mana yaranmu a ranin bana. Sai mako mai zuwa.