Koke Kan Ƙamusun Gyaran Rubutun Hausa a Kwamfutocin Makarantunmu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi,
Jihar Jigawa, Dutse.



Mu malaman Hausa da masu shagunan buga takardu na Sule Tankarkar, da 'yan'uwanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa, mun kawo kukanmu gabanka.

Duk wanda ya taɓa buga takardar jarrabawar Hausa ya san halin da muke ciki. Shafi yakan cika da jan layi tun daga sama har ƙasa, domin na'urar da ƙamusun Turanci take awo: ta ja wa "mun" layi, ta ƙyale "sun" saboda ta yi kama da kalmar Turanci. Idan komai ya yi ja, kuskuren gaskiya sai ya ɓuya. Haka tambaya ke isa hannun ɗalibi da "kasa" a gurbin "ƙasa", yaro kuwa abin da ya gani a bugu shi yake ɗauka daidai. Wannan yana ci mana rai ƙwarai.

Mun gwada jerin kalmomin Hausa da muka samu a intanet, bai biya buƙata ba. Manhajar Hunspell, wadda LibreOffice da Firefox ke aiki da ita kyauta, fayil biyu take nema: .dic mai ɗauke da tushen kalmomi, da .aff mai ɗauke da dokokin ɗafi. A na biyun nan aikin yake. Idan babu doka, na'ura za ta karɓi "gida" amma ta ƙi gidan, gidana, gidanki, gidansu. Dole a koya mata cewa namiji -n yake ɗauka, mace mai ƙarewa da -a kuma -r, kamar "motar". Dole a nuna mata saya, sayi, saye, sayo da sayar gida ɗaya suka fito. Jam'i ya fi wuya: kasuwanni da gidaje za su bi doka, amma dawaki da awaki sai an shigar da su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ga alhamza, wadda in ba a sanar da na'ura cewa harafi ce ba, sai ta datse "ma'aikata" gida biyu. Mu da muke bakin iyaka kuma, takardun Nijar da ƴ suke zuwa inda muke rubuta 'y, ya kamata ƙamusun ya san duka biyun.

Wannan aikin masana ne, kuma kayansa na nan: ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da daidaitattun ƙa'idojin rubutu.

Don haka muna roƙon ka, ranka ya daɗe, ka haɗa malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da masana kwamfuta, a ba su kuɗin aiki su rubuta fayilolin nan biyu. In an kammala, a sake su kyauta, a ɗora su a kwamfutocin makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi, tare da allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ. Mu kuma a shirye muke mu tattaro sunayen garuruwa da unguwannin masarautar Gumel, mu gwada ƙamusun a kan takardunmu kafin a rarraba shi.



Mu ne,
Malaman Hausa da masu buga takardu,
Sule Tankarkar.