Mariam Issoufou da darajar ginin ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama a aji mai rufin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san aikin gini ya wuce jera bulo. Da wanda ya zana ajin ya tuna da zafin ranarmu, da gumin bai kai haka ba. Shi ya sa muka kawo muku labarin maƙwabciyarmu, Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai kamfanin zanen gine-gine a Yamai.

An haife ta a 1979. Tun tana yarinya take son zane, amma kwamfuta ta karanta a Amurka, har ta yi shekaru tana aiki a fannin. Son zane bai sake ta ba. Ta koma aji a Jami'ar Washington ta karanci tsara gine-gine. A 2014 ta kafa kamfaninta, ta raɗa masa sunan Hausa: Masomi.

Aikinta da ya fi burge mu yana Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa, can gaba da Illela da Birnin Ƙonni. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. An kammala a 2018. Dalilin zaɓen ƙasa? Katanga mai kauri tana jinkirta shigar zafi, ɗaki ya wuni da sanyi ko babu fanka. Kakanninmu sun san haka, mu ne muka raina.

To, kai mai cika bayan littafi da zane, kada ka daina. Amma zane kaɗai ba ya kai mutum jami'a. Ka riƙe lissafi da fiziks, domin da su ake neman gurbi a sashen zanen gine-gine, irin na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. 'Yan mata, har da ku.

Aikin gida: ku shiga tsohon zaure da tsakar rana, sannan ku shiga shagon bulo. Ku rubuto mana bambancin da kuka ji.

Sai mako mai zuwa.