Ku Daina Ɗura wa Jarirai Maganin Barci

Wata muguwar ɗabi'a ta samu gindin zama a gidajenmu. Jariri na kuka, sai a ɗauko kwalbar Phenergan ko Piriton, a cika murfi, a matse masa kumatu a ɗura, wai don a kwantar masa da hankali. Hankalin wa? Na uwa ne ya kwanta, ko na 'yar raino. Shi yaron bugar da shi aka yi.

Ku leƙa gidan biki ku gani. Ana kiɗa, ana liƙi, ga jariri goye a baya, wuya ya langaɓe, baki buɗe, ko gezau ba ya yi. Har yabo ake: "Ɗan nan naki ba shi da rigima!" Wallahi raina ɓaci yake.

A asibiti ma ana sa yaro barci da magani, amma sai an auna nauyinsa, an lissafa adadin da zai ɗauka, ma'aikaciyar jinya na tsaye tana lura da numfashinsa, ga iskar oksijin a kusa. Saboda me? Saboda irin waɗannan magunguna na iya danne numfashi. Tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sinadarin da ke cikin Phenergan, cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, bayan an samu yaran da numfashinsu ya tsaya suka rasu. Mu kuwa murfin kwalba ne ma'auninmu.

Kuma jariri ba shi da bakin magana sai kuka. Yunwa ce, ciwon kunne ne, zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, da kukan zai faɗa. Idan aka toshe shi, cutar na nan tana cin sa, kowa na cewa barci yake. Kafin a farga a kai shi asibiti, jiki ya saki.

Ba iyaye mata kaɗai nake tuhuma ba. Ina maigidan da ke daka tsawa, "Ki rufe masa baki in yi barci"? Ina mai kemis da za a ce wa "ba ni na barcin yara", ya miƙo ko shekarun yaron bai tambaya ba?

A 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a Najeriya saboda matasa, kwana ɗaya tak bayan rahoton BBC. Jarirai fa? NAFDAC da hukumar PCN mai ba masu kemis lasisi su shiga unguwanni, duk wanda aka kama yana sayar da maganin barci don jariri ba tare da takardar likita ba, a garƙame shagonsa.