Ƙananan Jiragen Sama: Darasin Da Hatsarin Suntai Ya Bar Wa Hadiman Manya

A yammacin 25 ga Oktoba, 2012, wani ƙaramin jirgi samfurin Cessna 208 ya taso daga Jalingo, ya faɗi kafin ya isa filin jirgin saman Yola. Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, shi ne ke tuƙi, kuma hadimansa na cikin jirgin. Duk sun tsira da rai, amma gwamnan bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har rasuwarsa a Amurka a 2017. Rahoton masu binciken haɗurran jirage ya nuna cewa ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgi, kuma ya ci gaba da tafiya bayan faɗuwar rana alhali tuƙinsa ya dogara ne da ganin ido.

Galibin haɗurran ƙananan jirage daga shawarar ɗan Adam suke farawa, kuma lokacin sauka ne kuskuren ya fi fitowa fili. A nan jirgi ke rage gudu yana kusantar ƙasa, ba sauran sararin gyara. Idan gudun ya yi ƙasa da kima, fukafukai su kasa riƙe shi. Idan ya yi yawa, ya zarce ƙarshen titi. Iskar gefe na iya karkatar da shi, hazon hunturu kuma ya ɓoye titin baki ɗaya. Babban jirgin fasinja na da matuƙa biyu masu duba juna. Ƙaramin jirgi kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne a gaba.

Maganin sananne ne tun daga makarantar koyon tuƙi ta Zariya: idan saukar ba ta daidaita ba, matuƙi ya ƙara wuta, ya koma sama, ya sake zagayowa, ko ya nufi wani filin. Abin da ke hana shi yawanci matsin lamba ne: taro na jira, mai gida ya ƙosa.

A nan hadimai da jami'an tsare-tsare ke da rawar takawa, domin su ke shirya jadawalin tafiya, su ke hayar jirgi, kuma su ke zama a kujerun baya. Wajibi ne su tambayi lasisin matuƙi da izininsa kan samfurin jirgin, su tsara tafiya ta ƙare da sauran rana, su tanadi mota tun da wuri. Idan matuƙi ya ce yanayi bai yi ba, maganarsa ta zama ta ƙarshe.

Muna kira ga hukumar NCAA da ta tsananta binciken lasisi a kan jiragen masu zaman kansu da na gwamnatocin jihohi, ba tare da duba muƙamin mai jirgi ba. Hukumar NSIB kuma ta riƙa fitar da rahotanninta a kan lokaci, cikin harshen da kowa zai gane. Sauri kan haifi nawa, kuma hadimin da ya iya ce wa mai gidansa a kwana a tafi gobe ya yi masa babban aiki.