RA'AYINMU: Ba A Koyon Ƙira Da Baki

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci wa wannan jarida tuwo a ƙwarya, watau halin da 'ya'yan Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu suke ciki, waɗanda Allah ya tarfa wa garinsu nono suka sami shiga manyan makarantu domin koyon aikin injiniya da ilmin kwamfuta. Yaran nan sun ci jarrabawa, sun sami gurbi, iyayensu sun sayar da abin sayarwa sun biya kuɗin makaranta. Amma da yawa daga cikinsu za su gama shekara huɗu ko biyar na karatu ba tare da hannunsu ya saba da kayan aikin da aka ce sun koya ba. Wannan asara ce ga iyayensu, asara ce ga garuruwan da aka haife su a ciki, asara ce kuma ga Nijeriya baki ɗaya.

Zaman Hausawa a wannan sashe na ƙasa ba na jiya ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwa suka kafa zango a Elele, a cikin Jihar Ribas ta yanzu. Da aka gano kwal a Udi a 1909, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, daga baya kuma aka haɗa ta da ta Arewa, sai fatake da masu shanu suka biyo dogo, wasu kuma suka biyo kogin Kwara zuwa Anaca. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato mai fataucin shanu, shi mutanen Inugu suka zaɓa ya zama magajin garinsu na farko. Saboda haka yaron da aka haifa a Diobu ta Fatakwal, ko a kewayen titin Bida a Anaca, ko a Garkin Awkunanaw ta Inugu, ba baƙo ba ne da ya sauka da daddare. Wani ma kakansa a nan aka binne shi.

Sana'o'in da suka riƙe iyayen waɗannan yara kuwa ba su da tabbas irin na da. An hana acaɓa a cikin Inugu a 2012, aka hana a Anaca da Awka a 2018, Fatakwal kuwa ta riga su. Kasuwar shanu da ta gwari, yau a tashe ta daga nan, gobe a mayar da ita can bayan gari. Dattawan unguwannin nan sun ga haka, shi ya sa suka dage a kan karatun boko fiye da da, kuma suka zaɓar wa 'ya'yansu ilmin da ke da sana'a a cikinsa. Sun yi tunani mai kyau. Makarantun ma ga su nan a ƙofar gida: Jami'ar Nijeriya ta Nsukka tun 1960, Kwalejin IMT ta Inugu tun 1973, Jami'ar Fatakwal da ke Choba wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, jami'o'in kimiyya da fasaha guda biyu da tsohuwar Jihar Anambara da Jihar Ribas suka kafa a 1980, ga Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka, ga kwalejin fasaha ta Tarayya a Oko. Ka'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Tarayya ma ta ware kashi 20 cikin 100 domin jihohin da aka bari a baya a ilmi, yawancin jihohin Arewa kuwa suna cikinsu. Ashe ƙofar shiga ba a rufe take ba. Abin da ake tararwa a ciki shi ne abin dubawa.

A 2012 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga abin da suke bukata. Abin da kwamitin ya gano ya isa ya sa mai kishin ƙasa ya sunkuyar da kai. An tarar da ɗakunan gwaje-gwaje da injunansu suka tsufa suka mutu, an tarar da inda ake kunna risho mai kananzir a maimakon fitilar gas ta gwaji, an tarar da inda malami ke zana na'ura a kan allo ya faɗa wa ɗalibai abin da za ta nuna da tana nan. A 2013, bayan malaman jami'a sun yi yajin aiki na wajen wata shida, gwamnati ta sa hannu za ta zuba Naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida domin farfaɗo da jami'o'i. An ba da Naira biliyan 200 na farko, abin da ya biyo baya kuwa gutsure-gutsure ne. Aka sake yajin aiki a 2020, aka kuma yi na wata takwas a 2022, maganar dai ita ce ɗin nan. A jihohin Inugu da Anambara kuma, zaman gida na ranar Litinin da aka soma a watan Agusta na 2021, ya cinye wa makarantu ranakun karatu masu yawa.

Wanda bai san aikin ba zai iya cewa, ai littafi ya isa. To, ba haka ba ne. Bahaushe ya san ba a zama maƙeri da sauraron labarin zuga-zugi; sai yaro ya zauna a maƙera ya hura wuta, tartsatsi ya ƙone shi, ya lalata ƙarfe goma kafin ya ƙera lauje ɗaya. Haka aikin injiniya yake. Mai koyon aikin injuna sai ya tsaya a gaban injin sassaƙar ƙarfe ya fitar da ƙusa daidai da awo. Mai koyon gine-gine sai ya kwaɓa kankare ya zuba a ma'auni, ya jira kwana 28, ya sa shi a injin matsa ya ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Mai koyon lantarki sai ya riƙe mitar awon wuta da ƙarfen liƙin dalma, ya haɗa waya ba daidai ba, ya ga hayaƙi, ya nemo kuskurensa da kansa. Mai koyon kwamfuta kuwa, in bai zauna dare da rana yana rubuta manhaja tana ƙin aiki yana gyarawa ba, to abin da ya haddace a takarda ba zai fisshe shi ba ranar da aka ajiye masa na'ura aka ce bismilla. Gine-ginen da ke rushewa a kan mutane a biranenmu, da injunan asibiti da ke jibge don babu mai gyara, suna da nasaba da wannan karatu na baki.

Wannan ciwo na dukan ɗaliban Nijeriya ne, Ibo da Ijo da Bayarabe da Bahaushe. Amma ɗan Bahaushen Gabas yana da nasa ƙari. Inda makaranta ta gaza, ɗalibi ne ke cike giɓin daga aljihunsa: kwamfutar tafi-da-gidanka, allon zane da kayan awo, littattafai, kuɗin intanet, da kuɗin kayan da zai haɗa aikin gwajinsa na shekarar ƙarshe. Kusan dukan kayan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, tsadar kayan ta bi ta. Ɗan asalin jiha yana iya samun tallafin karatu daga jiharsa ko ƙaramar hukumarsa ko ƙungiyar garinsu. Yaron unguwar Hausawa kuwa, in ya je hukumar jihar da aka haife shi, sai a ce ba ɗan asali ba ne, a makarantun jihohi da dama ma kuɗin da zai biya ya fi na abokin karatunsa. In ya ɗauki takardunsa ya hau mota zuwa jihar kakanninsa a Arewa, sai a tambaye shi mai unguwar da ya san shi, alhali bai taɓa kwana bakwai a garin ba. Ya zama jemage, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sashe na 18 kuma ya ɗora wa gwamnati ciyar da kimiyya da fasaha gaba. Waɗannan kalmomi suna nan a takarda, yaron kuwa yana nan a tsaye a ƙofar ofis.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Emene ta Inugu akwai cibiyar PRODA, wadda gwamnatin Ukpabi Asika ta kafa bayan yaƙin basasa domin tattara gwanintar injiniyoyin da suka ƙera abubuwa da hannunsu a lokacin ƙunci, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 1976. A Akwuke, a nan Inugu dai, akwai cibiyar SEDI ta hukumar NASENI, wadda aikinta ke nan ƙera kayan gwajin kimiyya na makarantu, tana da 'yar'uwa kuma a Minna. A Anaca akwai makarantar koyon aikin ƙarfe ta Gwamnatin Tarayya. Nnewi mai masana'antun kayan mota ba ta da nisa da Anaca, matatar mai ta Eleme kuwa tun 1965 take a gefen Fatakwal. Kuɗi ma akwai hanyarsu, gama tun 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi, wanda asusun TETFund ya gaji rabonsa a 2011. Don me za a riƙa ba 'yan kwangila kuɗin ƙasar waje su shigo da abin da ake iya ƙerawa a Akwuke? Don me za a gina dogon bene a rubuta masa suna ɗakin gwaje-gwaje, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, sa'an nan a bar shi babu wuta, babu mai kula da injunan?

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Gwamnatin Tarayya da hukumomin makarantu da su daina auna ci gaba da yawan gine-gine. Duk kuɗin da za a ba da domin ɗakin gwaji, a ware kaso na gyara da na kayan da ke ƙarewa, a kuma ɗauki ƙwararrun ma'aikatan da za su kula da injunan, a biya su albashin da zai zaunar da su. A fara neman kaya a cibiyoyinmu na gida kafin a leƙa waje. Batun wuta kuma, an ga abin da ya yiwu a 2019 sa'ad da aka buɗe tashoshin hasken rana a Jami'ar Bayero ta Kano da jami'ar Tarayya ta Ndufu-Alike a Jihar Ebonyi. Ɗakunan kwamfuta da na injuna su ne suka fi cancanta a fara haskawa. Hukumomin da ke zagayawa tantance darussa, watau NUC da COREN, su riƙa zuwa ba sanarwa, su sa a kunna injin a gabansu, su tambayi ɗalibi ya sarrafa shi, domin kowa ya ji labarin kayan aro da ake jerawa ranar zuwan baƙi a kwashe bayan sun tafi. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya soma aiki a 2024 ya kyautu ya buɗe wani sashe domin sayen kayan aiki, gama kuɗin makaranta da na abinci ba su sayen kwamfuta. Shirin koyon aiki a masana'antu da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973 shi ma a tsare shi, kada wata shidan nan ya ƙare a aiken sayen abinci.

Muna kira ga gwamnonin Ribas da Anambara da Inugu su dubi yaron da aka haifa a ƙasarsu, wanda ubansa ke biyan haraji da kuɗin rumfa a kasuwanninsu shekara da shekaru, su ɗauke shi ɗa a wajen kuɗin makaranta da tallafi. Injiniyan da zai zama, a garinsu zai yi aiki. Gwamnonin Arewa kuma su umarci hukumomin ba da tallafin karatu su aika wakilai zuwa waɗannan birane sau ɗaya a shekara, su zauna da Sarakunan Hausawa, su rubuta ɗalibai a inda suke, shaidar Sarkin Hausawa da limamin unguwa ta wadatar.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwanmu na unguwannin da kansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'ar da ta iya haɗa kuɗi ta gina masallatai, ta ɗauki nauyin gawa daga Fatakwal zuwa Katsina, ba za a ce ta kasa kama ɗaki ɗaya ba. Ƙungiyoyin masu shanu da na masu albasa da tumatir da na 'yan canji su yanka wani abu kaɗan a kan kowace mota da ta sauke kaya, a buɗe ɗakin karatu kusa da masallaci, a sa masa faifan sola da kwamfutoci ko da goma ne, da mitoci da allunan zane da littattafan da waɗanda suka gama za su bari. A naɗa amintattu, a riƙa ba da aro da rubutu, a karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a. A ba 'yan mata lokacinsu na musamman, a kuma bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan maƙwabta Ibo da Ikwere, gama zaman lafiya da irin wannan ake ƙulla shi. Rassan jam'iyyarmu na waɗannan birane su shige gaba wajen wannan aiki, wakilanmu a majalisu kuma su ɗauki maganar takardar asali da ta kayan gwaji su kai inda ya kamata, su dawo su gaya wa jama'a abin da aka ce. Iyayen nan sun yi nasu, sun kai 'ya'yansu maƙera. Ya rage ga hukuma da jama'a su sa musu guduma a hannu. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.