WAYA ƊAYA, LAYI ƊAYA: MUN ƊAU DARASIN 2021 KUWA?

Jama'a, a farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a yaƙi 'yan bindiga. An maido wa Gusau sabis bayan kusan wata guda, mu na Ƙaura, Shinkafi da Zurmi sai da muka ƙara jira. Masu POS sun naɗe tabarma, ma'aikaci kan shiga mota ya bar jiha don tura imel ɗaya tak. A wannan shekarar dai gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga Yuni har Janairun 2022.

Abin da ke damuna shi ne, har yau yawancinmu duk rayuwar aikinmu tana cikin waya ɗaya. Takardar kama aiki, ta ƙarin girma, sakamakon makaranta, lambobin abokan aiki, hotunan ɗinkin tela, project ɗin ɗalibin Federal Polytechnic Ƙaura Namoda, duk suna WhatsApp. A kan hanyoyinmu kuwa kowa ya san waya na cikin abin da ake fara ƙwacewa. Ranar da aka kira tantance ma'aikata, wa zai saurari "wayata ce ta ɓata"?

Shawarata, kowace muhimmiyar takarda ta zauna wuri uku. Ta asali a gida cikin leda. Hotonta a Google Drive, inda ake ba kowa 15GB kyauta. Sannan kwafi a memori ko filash, a ajiye wajen ɗan'uwa a wani gari. Wanda ya ce intanet kaɗai ta ishe shi, ya tuna Satumban nan. Wanda ya ce takarda ta ishe shi, ya tambayi waɗanda aka ƙona wa gidaje.

Na biyu, a kulle ƙofa. A kunna two-step verification a WhatsApp, Facebook da imel. Duk wanda ya kira ka ya ce akwai mitin na ƙungiya, ka karanto masa lamba shida da aka turo maka, wallahi ɓarawo ne. Da ita zai ƙwace akawun ɗinka ya bi abokanka yana roƙon kuɗi da sunanka. A sa wa layin waya PIN, tunda shi ke haɗe da banki da NIN.

Na uku, zumuncin aiki. Guruf ɗin ofis yana da amfani, amma iyakarsa waɗanda ka riga ka sani. Malamin asibiti a Zurmi ko injiniya a Shinkafi na buƙatar imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya, da CV a shirye, da shafi a LinkedIn inda ƙungiyoyi da kamfanoni ke tallata guraben aiki da horo. Rashin tsaro ya rage mana zuwa taro Kano da Kaduna. Idan ba a gan mu a ɗakin taro ba, kuma ba a gan mu a intanet ba, ta ina za a tuna da mu?

Na san wani zai ce, Malam, a garin da infoma ya yi yawa kake cewa mu tallata kanmu? Maganarsa na kan hanya. Shi ya sa nake cewa ka nuna abin da ka iya, ka ɓoye abin da ka mallaka. Rubuta ƙwarewarka da kwasa-kwasan da ka yi. Matakin albashi, hoton sabon gida, makarantar yara da ranar tafiya, waɗannan a bar su a ciki.

'Yan'uwana ma'aikata kuma, mu ji tsoron Allah da takardun mutane. Jerin sunaye mai lambar BVN da asusun banki ba abin jefawa guruf ba ne. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ko ba doka, amana ce.

Ba sai ka sayi sabuwar waya ba. Data kaɗan da awa ɗaya a ƙarshen makon nan sun isa. Wanda ya iya ya zauna da wanda bai iya ba, musamman iyayenmu da ke dab da ritaya, waɗanda fanshonsu ya rataya a kan waɗannan takardu.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.