Siririn bututu ba ya ƙara ruwa

Makon jiya maƙwabcina ya kira ni in duba aikin da mai gyaran famfo ya yi masa. Ruwan tankinsa ne ba ya isa banɗakin baya da ƙarfi, sai gwanin ya cire bututu mai inci ɗaya ya sa mai rabin inci, wai don ruwan ya matsu ya ƙara ƙarfi. Yanzu ko butar alwala sai an tsaya jiranta.

Na san tushen wannan tunani. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa ya ga yadda ruwa ke fita da gudu ya faɗa nesa. To amma gudu ne ya ƙaru, ba yawa ba. Tun a 1628 Benedetto Castelli, almajirin Galileo, ya rubuta ƙa'idar: yawan ruwan da ke wucewa daidai yake da girman ramin bututu sau saurin ruwan.

Mu gwada da jarka mai lita 25. Idan ta cika cikin sakan 50, rabin lita ke zuba kowane sakan. A bututu mai inci ɗaya, wannan ruwa na tafiyar kimanin mita ɗaya a sakan. A mai rabin inci kuwa ramin ya koma kashi ɗaya bisa huɗu, ba rabi ba, don haka sai ruwan ya yi gudun mita huɗu kafin jarkar ta cika a kan lokaci. A nan ɗalibaina ma suke yawan tuntuɓe.

Abin da mai gyaran bai lissafa ba shi ne gugar ruwa da jikin bututu. In ana son yawan ruwan kada ya canza, rage faɗi da rabi yakan ninka wannan asara kusan sau 30. Tankin da ke bisa ƙarfe mita biyar ba shi da ƙarfin biyan wannan bashi, sai ruwan ya ragu. Manomin rani da ke tura ruwa da inji ta siririn tiyo mai tsawo, shi da fetur yake biya.

Na ce wa maƙwabcina, Alhaji, a mayar da inci ɗaya daga tanki har bakin banɗaki, a bar rabin inci a ɗan guntun da ke shiga kan famfo. Kafin a taɓa komai kuma a sa jarka a duba agogo, bayan aiki a sake. Kuɗin bututu dai sau biyu zai biya.